Kafson ashwagandha: barcin ya zo, amma da rakiyar jiri

A status na WhatsApp na fara ganinsa. Wata Hajiya mai sayar da kayan gyaran jiki ce ta ɗora hoton kwalbar, ta rubuta a ƙasa: "Na gargajiyar Indiya ne, ganye da saiwa zalla, ba shi da wata illa." A lokacin na kusa wata uku ban san barcin kirki ba, sai ƙarfe biyu ta gota ina juyi a kan katifa, lissafin aiki na yawo a kaina. Na sayi kwalba ɗaya mai kafso 60, kowanne miligiram 300, ana shan ɗaya da safe ɗaya da dare.

Ashwagandha saiwar wani ɗan tsiro ce da masu maganin Ayurveda na Indiya suka daɗe suna aiki da ita. Sunan kansa daga harshen Sanskrit ya fito, ma'anarsa warin doki. Na ɓare kafso ɗaya na shinshina, wallahi ba su yi ƙarya ba. Tsiron dangin tumatir ne da gauta da barkono.

Gaskiya ɗaya ce, ya yi aikin da na saye shi dominsa. Kafin kwana goma, ina idar da isha'i ido ya fara nauyi. Gudawa da tashin zuciyar da na yi a makon farko sun lafa da na daina shansa cikina babu komai. Abin da bai lafa ba shi ne nauyin jiki da safe. Sai in tashi kamar wanda aka ɗora wa buhun masara, kuma na safen nan yana sa ni gyangyaɗi a ofis wajen sha ɗaya. Wata rana a cunkoson motoci sai hon ɗin na bayana ne ya farkar da ni.

Abin da ya kai ni asibiti kuwa a masallaci ya faru, a mako na huɗu. Na ɗago daga sujada a sallar asuba zan miƙe, sai duhu ya rufe ni, na dafa kafaɗar na kusa da ni. Ina shan amlodipine saboda hawan jini shekara huɗu ke nan, kuma ko kaɗan bai zo mini a rai cewa garin saiwa zai shiga tsakanina da ƙwayata ba.

Likita ya gwada jinin ya ga ya sauka ƙasa da yadda ya saba gani, ya ce, "Malam, me ka ƙara a kan maganinka?" Na ce babu komai, sai dai wani na gargajiya. Ya ce ai shi nake tambaya. Ya bayyana mini cewa ashwagandha na iya sauke hawan jini da sukari, don haka idan ya haɗu da ƙwayar asibiti sai su taru su yi aikin fiye da kima. Haka yake ƙara wa maganin barci ƙarfi, kuma yana iya zuga ƙululun wuya da ake kira tayirod ya riƙa fitar da sinadari da yawa.

Sai ya tura ni gwajin hanta, ya tambaye ni ko idona ya taɓa yin rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko ina ƙaiƙayi. Nawa ya fito lafiya, alhamdulillahi. Amma tambayar ta sa na koma gida na yi karatu. A 2020 likitoci sun ba da rahoton mutum 5 a Iceland da Amurka da suka kamu da ciwon shawara bayan makonni suna shansa. Abin ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa. Denmark ma ta hana sayar da shi a 2023. Masu ciki da masu shayarwa an ce su nisance shi, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan, domin mata ne akasarin masu sayayya a wajen Hajiyar.

Akwai kuma zancen tsabtar haɗin. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurveda da aka saya ta intanet na ɗauke da dalma ko zaiba ko gubar asenik. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Na juya kwalbata gaba da baya, babu lambar NAFDAC, ga rubutun ranar lalacewa ya kankare. Laifina ne, ban duba ba kafin in biya kuɗi.

Na ajiye shi. Jirin ya tafi cikin kwanaki kaɗan, barcin ya ɗan ja baya, yanzu ina lallaɓa shi da barin shayi bayan magariba da ajiye waya a falo. Da na rubuta wa Hajiyar abin da ya same ni, sai ta amsa da cewa, "Ayya Alhaji, wankin jiki ne yake maka, ka ci gaba." Uwargida ta ɗauke sauran kafson ta kulle a durowa, kada yara su ɗauka alewa ce.