Ashwagandha a shagunan Zariya: gari ko kafso, wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya leƙa shagunan maganin Musulunci da na gargajiya a Sabon Gari, Tudun Wada ko Samaru zai iske wani baƙo a kan kanta, ya samu wuri tsakanin habbatussauda da hulba. Sunansa ashwagandha. Yana zuwa a gari, yana zuwa a kafso, har da na alawar taunawa. Da ka ɗaga kwalbar mai shago zai ce, "Alhaji, wannan daga Indiya yake, yana cire gajiya, yana sa barci, yana ƙara ƙarfi." A cikin maganarsa akwai gaskiya, akwai kuma gishiri. Tsiron yana da amfani na haƙiƙa a kan damuwa da rashin barci, amma kayan da ake sayarwa da sunansa ba ɗaya ba ne, kuma akwai mutanen da bai kamata su kusance shi ba ko kaɗan.

Tsiro ne gajere, masana suna kiransa Withania somnifera, danginsu ɗaya da gauta da tumatir da tattasai. 'Ya'yansa ƙanana ne jajaye, a lulluɓe cikin wata 'yar riga mai kama da takarda. Sunan ya fito daga Sanskirit: "ashwa" doki ne, "gandha" kuma wari, saboda ɗanyar saiwar tana bugun hanci da warin doki. An fi noma shi a jihohin Madhya Pradesh da Rajasthan, a ƙasa mai ƙarancin ruwa, a shuka shi ƙarshen damina, a tone saiwar bayan wata biyar zuwa shida. A likitancin gargajiya na Indiya, wato Ayurveda, yana cikin rukunin da suke kira rasayana, magungunan da ake ba wanda jikinsa ya yi laushi: tsoho, ramamme, wanda ya tashi daga doguwar jinya, wanda tunani ya hana shi runtsawa. Saiwar ake sha. Ganyen kuwa an fi saninsa da shafawa a kan kumburi da maruru, kuma a 2021 ma'aikatar AYUSH ta Indiya, mai kula da magungunan gargajiya, ta shawarci kamfanoni su daina sa ganyen cikin abin sha. A riƙe wannan, don shi ne ma'aunin farko na raba kaya mai kyau da marar kyau.

Ta fuskar binciken zamani, inda ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne damuwa. A 2012 an yi gwaji a Indiya da mutum 64 masu fama da ita, aka ba rabinsu miligiram 300 na tatacciyar saiwar sau biyu a rana har kwana 60, sauran aka ba su kafson da ba magani a cikinsa. Waɗanda suka sha na gaskiyar, sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali ya sauka a jininsu da kusan kashi 28 cikin 100. Wani gwajin na 2019 da mutum 60 masu rashin barci ya nuna barci yana ɗaukarsu da wuri bayan mako 10 a kan wannan awon. Sakamako ne mai daɗin ji, sai dai mutanen kaɗan ne, lokacin kuma gajere. Batun ƙarfin maza da haihuwa, wanda shi ne yake cika shaguna da masu saye, hujjarsa ta fi wannan rauni. Akwai ƙaramin gwaji na 2013 da maza 46 da ya nuna ƙaruwar ƙwayoyin maniyyi bayan kwana 90, amma wannan bai isa a ce wa magidancin da ya shekara biyar yana neman haihuwa ya bar zuwa asibitin koyarwa na Shika ya dogara da kwalba ba. Kuma ba maganin sha-yanzu-magani-yanzu ba ne. Duk wanda aka ce masa zai ji aikinsa a daren farko, to ya yi shakkar abin da aka zuba a ciki.

Mu fara da garin, don shi ne asalin yadda mutanen Indiya suke shansa, kuma shi ya fi sauƙin kuɗi. Garin saiwa mai kyau launinsa kamar na garin citta ne, fari-fari mai ɗan ruwan ƙasa. In ka shaƙa za ka ji warin ƙasa da wani ɗan ƙarni, in ka ɗanɗana za ka ji ɗaci da ɗan bauri. Idan ya yi kore-kore, an haɗa da ganye ko kara, a bar shi. Idan ya yi fari fat, ba wari ba ɗaci, ko dai ya tsufa ko an cika shi da wani garin. Wasu suna ɗiga ruwan aidin don gane ko an sa fulawa ko garin rogo. Wannan gwajin ba ya aiki a nan, domin saiwar kanta cike take da sitaci, mai kyau da gauraye duk za su yi baƙi-baƙi. Wanda ya yi sa'ar samun busasshiyar saiwar ba a niƙa ba, ya fi kowa kwanciyar rai. Ya zaɓi miƙaƙƙiya mai kaurin fensir, wadda in an karya ta za ta ce ƙas, cikinta fari mai gari-gari. Mai zare-zare da taurin itace ta tsohon tsiro ce, ba ta kai waccan daraja ba.

Awon da littattafan Ayurveda suka bayar shi ne giram 3 zuwa 6 a rana. Cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba, yana kusan giram 3. Mu dai muna ganin a fara da rabin cokali na kwana huɗu ko biyar, a ga yadda ciki zai karɓa, sannan a kai cokali ɗaya. A kan haka leda mai giram 100 za ta kai mutum kusan wata guda.

Hanyar haɗa shi da ta fi kyau ita ce dafa shi da madara. A zuba kofi ɗaya na madara da kofi ɗaya na ruwa a ƙaramar tukunya, a kaɗa garin a ciki tun ruwan yana da sanyi, don in aka zuba shi a tafasasshe sai ya dunƙule ya yi gudaji. A ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa, har ya ƙone ya dawo kofi ɗaya. Ruwan shi ne yake ba saiwar lokacin dahuwa ba tare da madarar ta kama ƙasan tukunya ba. Madarar shanu sabuwar tatsa ta yi, ta gari ma ta yi, amma ban da nono mai tsami, da ya ji wuta zai tsinke. Ramamme zai iya ƙara rabin cokalin soyayyen man shanu, wanda shi ne dai man da Indiyawa ke amfani da shi. Mai son zuma ya jira ya huce tukuna, don a ƙa'idar Ayurveda ba a dafa zuma, ba a kuma haɗa ta da man shanu awo ɗaya daidai. A sha bayan abincin dare, kamar awa ɗaya kafin kwanciya. Shansa da ruwa zalla a kan yunwa shi ne yake jawo tashin zuciya da murɗar ciki da gudawa, su ne kuma ƙorafin da aka fi ji a kansa.

Aibin garin guda biyu ne. Ba kowa ke jure ɗacinsa ba, kuma ba ka san ƙarfin abin da ka saya ba, don sinadaran da ke aiki a cikinsa, waɗanda ake kira witanolaid, yawansu yana bambanta daga gona zuwa gona. Ga kuma laimar Agusta. Garin da aka bari a leda a ɗakin girki zai jiƙe, ya daskare, ya yi fumfuna. A juye shi a kwalba mai murfi, a ajiye inda rana ba ta kaiwa, kada a taɓa sa jiƙaƙƙen cokali.

Kafso kuwa, a nan ne ake yi wa mutane wayo da lissafi. Iri biyu ne, kuma kwalaben sun yi kama. Na farko garin saiwar ne kawai aka ɗura, a jikinsa za ka ga an rubuta "root powder". Idan kowane kafso miligiram 500 ne, sai ka haɗiye shida kafin ka kai giram 3, wato kwalba mai 60 kwana goma za ta yi maka, ka biya kuɗin kwalba da kwali a kan abin da cokali ɗaya zai ba ka. Na biyu shi ne "root extract", wanda aka tace aka tattara ƙarfinsa, kuma da irinsa aka yi gwaje-gwajen da muka ambata. Mai kyau zai faɗi kason witanolaid da ke ciki. Wanda aka fi sani, KSM-66, daga saiwa zalla ake yinsa, yana da kashi 5 cikin 100, ke nan kafso mai miligiram 300 yana ɗauke da miligiram 15. Biyu a rana, safe da dare, kwalba mai 60 ta yi wata guda cif. Akwai wani mai suna Sensoril da ake haɗa saiwa da ganye, ƙarfinsa ya fi, awonsa ya fi ƙanƙanta, don haka ba a ɗaukar awon wannan a ɗora wa wancan. Kwalbar da aka rubuta wa wata ƙatuwar lamba a gaba, miligiram dubu biyu ko dubu uku, amma ba ta faɗi ko saiwa ce ko ganye ba, ba ta faɗi kaso ba, wannan ado ne kawai.

Akwai abu biyu da mai saye Musulmi zai so ya sani, kuma ba kasafai mai shago yake faɗa ba, wataƙila shi ma bai lura ba. Ɓawon kafso da yawa da jelatin ake yinsa, daga fata da ƙashin dabba. A nemi wanda aka rubuta na tsiro ne, ko mai alamar halal, ko koren ɗigo cikin murabba'i da Indiya ke sa wa abin da ba nama a cikinsa. Na biyun shi ne ruwan da ake kira Ashwagandharishta. Tsima shi ake yi na makonni har ya haifar da barasa da kansa, kuma kasonta ba ƙarami ba ne. Na alawa kuwa ba mu ga dalilin sayensa ba: suga ya fi yawa, magani kaɗan, zafin Afrilu kuma yana narkar da shi ya manne wuri ɗaya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne garin da ake ƙullawa a farar leda, ba suna, ba adireshi, ba ranar lalacewa, musamman wanda aka ce "haɗi ne na musamman na maza". An sha kama ire-iren waɗannan haɗe-haɗe a ƙasashe da dama da sinadarin Viagra a ɓoye, wanda zai iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya farat ɗaya. Sannan ga ƙarafa masu guba. A 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi magungunan Ayurveda 70, suka samu dalma ko zaiba ko asenik a 14 daga ciki. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Don haka a duba lambar NAFDAC, a kuma tabbatar da ita a shafin hukumar, tare da sanin cewa lambar maganin gargajiya mai harafin L a ƙarshe ba shaidar yana warkarwa ba ce, izinin sayarwa ne bayan duba lafiyarsa.

Mai juna biyu kada ta sha, don ana tsoron ɓari, haka ma mai shayarwa. Mai ciwon ƙwayar tayirod ta maƙogwaro ya kiyaye, saboda tsiron yana ɗaga sinadaranta, sai bugun zuciya da zufa da rama su biyo baya. Waɗannan dalilai na ciki da na sinadaran jiki su suka sa Danmak ta hana sayar da shi a 2023. Mai shan maganin suga ko na hawan jini, tsiron zai iya ƙara saukar da su fiye da kima, balle ga mai azumi. Mai shan maganin barci ko na farfaɗiya ko na rage garkuwar jiki ya fara tambayar likitansa. Wanda za a yi wa tiyata ya daina mako biyu kafin ranar. Direba da mai keke Napep su bar awon safe har sai sun ga ba ya sa su gyangyaɗi.

Sai hanta, wadda ita ce ta fi shafarmu, don mutane da yawa a nan suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba. A 2020 likitoci sun ba da rahoton mutum biyar a Aisilan da Amurka da suka kamu da shawara bayan mako 2 zuwa 12 da fara sha, a Indiya kuma an samu waɗanda suka rasu cikin masu tsohon ciwon hanta. Abin ba ya yawan faruwa, amma gwajin jinin nan ba shi da wahalar samu a Zariya, a yi shi kafin a fara. In ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, jiki ya kama ƙaiƙayi, a ajiye kwalbar a ranar, a ɗauke ta a tafi da ita asibiti likita ya gani.

Ga lafiyayyen babba da tunani ke hana shi barci, mu kafson tatacciyar saiwa muka fi yarda da shi, mai kaso a rubuce da lambar hukuma, ko da ya fi tsada, don ka san abin da kake haɗiya. Garin kamfani da aka rufe da hatimi shi ke biye masa, ga wanda ba ya ƙyashin tsayawa gaban tukunya minti goma sha biyar kowane dare. A ba shi mako shida zuwa takwas, ana lura da lokacin da barci ke zuwa da yadda ake tashi da asuba. In ba a ga canji ba kada a ninka awo, a daina. In an gani, a tsaya a wata uku, domin iyakar abin da yawancin gwaje-gwajen suka bibiya ke nan.