Man ƙamshi da kaska: abin da na gani a garken ragunana

Masu sayar da man ƙamshin itatuwa a WhatsApp da Instagram sun samo sabon talla a Sakkwato, wai yana korar kaska, ba guba, ba wari, ba tsoron yara. Na saya, na yi aiki da shi damina guda a kan ragunana da kuma jikin mutanen gida. Ga mai sauri, ga hukuncina tun daga nan: a jikin mutum yana da ɗan amfani na ɗan lokaci, a jikin dabba bai kai kuɗinsa ba, ita kuwa kaskar da ta riga ta kafa baki, ko gezau.

Koyarwa ce aikina, kiwo kuma shi ne abin da ke rufa mini asiri. A bayan gidanmu da ke Arkilla nake ɗaure raguna, balami da uda, waɗanda Maigida yake sayo mini ramammu daga Achida ko Illela, in yi ta ba su dusa da harawa da kowar wake har Babbar Sallah. Duk mai wannan sana'a ya san kaska ba ta neman izini. Tana zuwa a jikin sabon rago, tana zuwa cikin ɗanyar ciyawar da ake yankowa daga fadamar Rima, kuma da zarar ruwa ya sauka ƙasa ta yi danshi, sai ka rasa daga ina take ɓullowa. Magungunan da muka saba da su na aiki: amitraz da ake haɗawa da ruwa a yi wa dabba wanka, cypermethrin da ake zubawa a gadon baya, da allurar ivermectin. Matsalarsu ɗaya ce a wurina. Kowannensu yana da wa'adin da za a jira kafin a yanka dabba a ci namanta, na allurar ma makonni ne, kuma 'yan shekarun nan Sallar layya tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da kaska ke tashe. Ba na so in sayar wa bawan Allah ragon ibada da magani a jininsa. Ga yara kuma, da ba sa rabuwa da garke. Shi ya sa tallar ta shige ni.

Abin da aka kawo mini ƙananan kwalabe ne masu duhu, kowace mililita 10: man kanumfari, man citronella mai ƙamshin ciyawar shayi, da man bishiyar turare irin mai ƙamshin lemo. Sai wata babbar roba ta man dogon yaro. Shi wannan na ƙarshe ba jinsinsu ɗaya ba, matse shi ake yi daga ƙwallon kamar yadda ake matse man gyaɗa, su kuwa ƙananan da tururi ake fitar da su daga ganye ko fure, abin da ya sa suke da ƙarfi kuma suke saurin bin iska. Marufin ya yi kyau, ba abin da ya zube a hanya, mai kawowa ma bai ɓata mini lokaci ba. Amma babu lambar NAFDAC a jikin ko ɗaya, babu ranar lalacewa, babu bayanin yadda za a tsarma. Bayanin duk a saƙon murya ya zo: "Anti, ɗigo kaɗan kawai za ki sa a ruwa ki fesa, wallahi ba za ki ƙara ganin kaska ba." Kuɗin ƙaramar kwalba ɗaya kuwa ya isa in ciyar da rago dusa na kwanaki.

Ruwa da mai ba sa haɗuwa, ko an girgiza, kafin ka kai garke sun rabu, feshin farko ya fito ruwa zalla, na ƙarshe ya fito mai zalla. Don haka na koma tsarmawa da man kwakwa, kashi 2 cikin 100, wato kamar ɗigo 12 a cikin cokali biyu manya. Wannan shi ne ma'aunin da aka saba bayarwa don fatar babban mutum, kuma kada wanda ya raina shi, musamman a man kanumfari. Duk wanda ya taɓa danna kanumfari a haƙori mai ciwo ya san yadda yake dasar da dasashi. Sinadarin da ke yin haka, eugenol, idan ya taru da yawa a fata ƙuna yake yi.

Kafin in shafa wa kowa, na so in gani da idona. Na samo kaska mara ci a jikin bangon garke, irin mai dogayen ƙafafu masu zobe-zobe fari da ja, na ɗora ta tsakiyar farantin silba, na zagaye ta da layin man da tsinken ashana. Ta taho da gudu, don irin wannan ba ta da nawa ko kaɗan. Tana isowa kusa da layin sai ta tsaya cak, ta ɗaga ƙafafunta biyu na gaba tana kaɗa su a iska, ta juya, ta nufi wani ɓangaren, ta sake tsayawa. A waɗannan ƙafafun na gaba hancinta yake, wani ɗan rami da masana ke kira gaɓar Haller, da shi take jin numfashin dabba da ɗumin jiki da wari. Layin man kanumfari da na turare sun fi tsare ta, na citronella ta ɗan yi jinkiri ne kawai. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira yara suka gani. Na kife farantin da rariya na bar shi a inuwar zaure na shiga girki. Da na dawo bayan azahar ƙamshin ya yi rauni, kaskar kuma tana manne a jikin rariya, ta tsallake layin tuni.

Wannan faranti ya gaya mini duk abin da sauran damina ta maimaita. Man yana aiki ne muddin yana tashi a iska, kuma a garin da rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, da damina ma ba sanyi ake yi ba, abin da ke bin iska ba ya daɗewa. Ina shafa wa raguna da safe a wuraren da kaska ke so, ƙarƙashin wutsiya, tsakanin kofato, cikin kunne daga baki-baki, hammata da mara. Kafin la'asar ba ka jin komai sai warin rago. Man kwakwar kuwa yana nan, ya kama ƙura, farin balami ya koma ruwan ƙasa, abin da mai son sayarwa ba ya so. Ɗaya daga cikin udojin fatar mararsa ta yi ja bayan haɗin kanumfari, ya yini yana goga jiki a turke, sai na janye shi gaba ɗaya daga jikin dabbobi. Kaska sabuwa ta ɗan ragu a ranakun da na dage da shafawa safe da yamma, ba zan ce ba ta ragu ba. Amma wa zai iya wannan hidima kullum, da kwalbar da ba ta kai tsawon yatsa ba?

Man dogon yaro ya fi su riƙe jiki. Ba ya tashi da wuri, ƙudaje sun rage damun wani rago mai gyambo a ƙafa, kuma shi ne mafi araha, tun da bishiyar ta cika garin nan. Sai dai aikinsa a hankali yake, ba ka ganin kaska ta faɗo a gabanka, warinsa kuma sai mai haƙuri. Maigida ya ce in na shiga ɗaki daga garke, tafarnuwa da ruɓaɓɓiyar gyaɗa yake ji.

Kawuna, wanda ya tsufa cikin shanu a wajen Wamakko, ya zo duba mu ya tarar ina wannan fama. Ya karɓi kwalbar turaren ya shinshina, ya mayar mini. "Ɗiyata, wanga turare na, ba magani na ba. Kaskar da kika gani ga rago kaɗan ta, sauran suna cikin bango." Ya ja ni zuwa katangar garke, ya sa tsinke cikin wata tsaga ya ƙwaƙulo. Ga wata ƙatuwa ta sha jini ta kumbura ta yi toka-toka, a gefenta tarin ƙwai ja-ja masu sheƙi. Macen kaska idan ta ƙoshi sakin dabba take yi ta faɗo, ta nemi tsaga ko ƙarƙashin juji ta zuba ƙwai dubbai a zama ɗaya. Ba a banza ake mata kirari da raɓi mai jini ba. Kana can kana shafa ƙamshi a kunnen rago, rundunar tana ƙyanƙyashewa a bayanka.

Abin da ya rage mini kaska da gaske aiki ne mara daɗin talla. Mun shafe tsagogin bango da siminti. Ana share taki da ragowar harawa a fitar, ba a barin su su yi tudu. Sabon rago yana zama gefe, a bincike shi tun daga kunne har kofato kafin ya shiga cikin 'yan'uwansa. Kajin gida na bari suna shiga garke, suna tsince abin da ya faɗo. Sannan likitan dabbobi ya tsara mini wankan amitraz da wuri, yadda wa'adinsa zai ƙare tun kafin masu saye su fara zuwa. Shi ne ma ya ja mini kunne a kan abu biyu da ya kamata masu dabbobi a garin nan su sani. Amitraz ba a kusantar da shi ga doki, yana iya tsayar masa da hanji, kuma Sakkwato gari ne na dawaki. Su kuma waɗannan man ƙamshin da ake cewa ba su da illa, kyanwa ba ta iya jure da yawansu domin hantarta ba ta sarrafa su, man tea tree kuwa har kare yana kayarwa idan aka shafa shi tsantsa. Mai sayarwa ba ta ambaci ko ɗaya ba, alhali hoton kare ne a tallarta.

Inda man ya ci kuɗinsa shi ne a jikin mutane. Yaron da ke yanko mana ciyawa a fadama kullum yana dawowa da kaska a ƙwauri ko bayan gwiwa. Na riƙa ba shi haɗin man turare ya shafa a idon sawu da bakin wando da wuyan hannu kafin ya fita, ya cusa wandon cikin safa. Fitar safe ce, awa ɗaya zuwa biyu, kuma a wannan tsakanin man yana da sauran ƙarfi. Ya ce ya ga bambanci, ni ma na gani, ko da yake safar ma tana da nata ladan. Ni ma ina shafawa a hannu kafin in shiga duba raguna, sauro ma yana ɗan ja da baya da magariba.

A nan akwai wata dabarar kasuwa da ya kamata a sani. Masu talla suna cewa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta amince da man turare mai ƙamshin lemo. Abin da ta amince da shi wani tataccen nau'i ne da aka ƙara wa yawan PMD, sinadarin da ke korar ƙwari a cikinsa, aka gwada aka yi masa rajista, kuma ta faɗa a fili cewa ɗanyen man da ba a sarrafa ba bai shiga ciki ba. Ko shi tataccen, ta ce kada a shafa wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3. Abin da ke cikin kwalbata ɗanyen ne. Ba ina cewa tsiro ba ya maganin kaska ba ne. A 2020 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa nootkatone rajista, sinadarin da ake samu a ɓawon garehul, wani nau'in babban lemo, yana kora kuma yana kashewa. Amma tsakanin sinadarin da aka tace aka auna, da kwalbar da ba ta da ko ranar lalacewa, akwai tafiya. DEET, sinadarin maganin sauro na shafawa da ake gudu, tun 1957 jama'a ke shafa shi, kuma an san awa nawa yake yi. Nawa man sai dai in bi hancina.

Abin da ya ɓata mini rai har na zauna rubuta wannan shi ne saƙon da Hajiyar da ta sayar mini da man ta tura wa duk masu sayenta, cewa idan kaska ta kama mutum a ɗiga mata man kanumfari, za ta saki da kanta. Wannan shawara ce mai hatsari. Kaska tana kafa baki ne ta liƙe shi da wani abu mai kama da danƙo, kuma duk abin da zai dame ta, mai ne, kalanzir ne, wutar ashana ce, jinkiri kawai yake ƙarawa alhali tana ci gaba da zuba yawu a jikin mutum. Matsefata ake sawa a kama ta dab da fata, a ja a miƙe a hankali ba murɗawa, a wanke wurin da sabulu. Ita kuma a jefa ta cikin gwangwanin kalanzir bayan an cire, kada a murtsuke ta da farce kamar yadda yaranmu da mahauta suka saba. Mai zobe a ƙafa ɗin nan da na sa a faranti ita ce Hyalomma, kaskar busassun ƙasashe irin namu, kuma ita ce babbar mai ɗaukar zazzaɓin Kirimiya da Kwango, wanda ke sa zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alamar ciwo, kuma ana kamuwa ta cizon kaska ko taɓa jinin dabba lokacin yanka da fiɗa. A Iraƙi da Fakistan hukumomin lafiya kan yi gargaɗi a kansa duk gabanin layya. Wanda kaska ta ciza ya ji zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan kwanaki, asibiti zai nufa, ya kuma gaya wa likita batun cizon, kada a tsaya a kan maleriya kawai.

Na rubuta mata wannan cikin mutunci. Ta amsa da "To Anti, mun gode, Allah ya bar zumunci," saƙon kuma yana nan a shafinta har yau.

Man turaren zan sake saye, amma a wurin da zan ga lamba da kwanan wata a jikin kwalba, kuma don ƙafar mai yankan ciyawa da hannuna kawai. Man dogon yaro akwai matan da ke matse shi a nan cikin gari, ba sai an aiko mini daga nesa ba. Citronella ban ga dalilin ƙarawa ba. Ragowar man kanumfarin na rufe shi a saman kwaba inda hannun yara ba ya kaiwa, don shan ko ɗan kaɗan daga tsantsarsa yana iya lalata hantar ƙaramin yaro.