Kwarashi ko tsinke biyu?

Hunturu ya ƙarato Katsina, ga rigar sanyin ɗiyata rabi a kan tsinke, ga hular jariri da na fara da kwarashi.

Kwarashi akwai sauri. Madauki ɗaya tal kike riƙe da shi, in kin yi kuskure ki warware nan take. Sai dai yana cin ulu, saƙarsa kuma ta fi kauri.

Tsinke biyu kuwa sai mai haƙuri. Madauki ɗaya ya zame, layin ya tsefe har ƙasa. Wallahi na taɓa yin ƙwalla a kan haka. Amma taɓa saƙar ki ji laushi, ki ja ta miƙe, ki sake ta koma, tana bin jikin yaro luf. Rigar Inna ta bana ma da tsinke zan yi ta.