Rezar aski mai ƙarko: abin da za ka duba kafin ka ciro kuɗi

Daminar bara na tafka wauta. Na shiga Kasuwar Sabon Gari sayen wani abu daban, sai na ga ana sayar da reza kwali guda, mai ɗari a ciki, a farashin da ya sa na ɗauka mai kayan ya yi kuskuren lissafi. Na saya, na kai gida, na ɗora a kan tagar banɗaki. Kafin watan Agusta ya ƙare, duk takardar da na ɓare sai in tarar da ɗigon tsatsa a bakin rezar, ja-ja kamar an yayyafa mata barkono. Ko ashirin ban mora ba. Sauran yara suka kwashe suna fiƙe fensir. Araha dai ba ta ado.

Tun daga nan na daina tambayar nawa ake sayar da reza, na koma tambayar aski nawa za ta yi mini. Ina maganar reza mai baki biyu, wadda ake ɗaurawa a cikin gidanta na ƙarfe a murɗa mariƙi, ba ta roba da ake yarwa gaba ɗaya ba.

Abu na farko shi ne ƙarfen. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe irin na da, wanda da shi aka fara tun lokacin da wani mutum mai suna King Gillette ya samu lasisin ƙirƙirar irin wannan reza a Amurka a 1904. Yana da kaifi, yana da sauƙin kuɗi, amma shi da ruwa ba sa ga maciji. Ka bar shi da lema da dare, da safe ya yi tsatsa. Sai kuma ƙarfen da ba ya tsatsa da wuri, wanda ake gauraya shi da sinadarin kuromiyam. Kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ne ya shahara da fito da irinsa a 1962, kuma daga lokacin sauran kamfanoni suka bi sahu. Idan ka ga an rubuta "stainless" a takarda, shi ke nan. Idan an ƙara da "platinum" ko "chrome", ana nufin an yi wa bakin wani siririn shafe don ya daɗe, galibi kuma da wani shafen mai santsi a sama, irin wanda ake yi wa kaskon suya don kada abinci ya kama.

A Zariya, inda muke shan ruwan sama daga wajen Mayu har Oktoba, kuma banɗakunan gidajen haya da yawa ba su da iskar kirki, ni ban ga dalilin sayen baƙin ƙarfe don askin fuska ba. Da hunturu kam zai iya yi maka, domin iska na busar da komai kafin ka gama sa riga. Tela mai farke ɗinki ko ɗan makaranta, su ma ya ishe su.

Sai sunaye. Tiger da Nacet mai hoton kada, da su muka tashi, babu teburin mai kayan koli da za ka rasa ɗaya daga ciki. Akwai Dorco ta kamfanin Koriya ta Kudu, da Super-Max ta Indiya, da Shark da Lord na Masar, da Derby ta Turkiyya, da Treet ta Pakistan. Feather ta Japan ita ce aka fi yi wa shaidar kaifi a duniya, sai dai da wuya ka gan ta a tebur, yawanci sai an yi oda, kuma wanda hannunsa bai faɗa ba ranar farko zai ga jini. Derby kuwa an san ta da sauƙin kai: ba ta cika yanka ba, amma mai gemu mai tauri zai ji tana ja. Kamfani ɗaya yakan yi iri fiye da ɗaya, saboda haka kada suna ya ishe ka, karanta abin da ke jikin takardar.

Kuma kada ka yi irin tawa. Sayi ƙaramin fakiti na iri biyu ko uku, ka gwada kowanne na mako biyu a fuskarka, sannan ka san wanda za ka saya da yawa. Rezar da ta yi wa abokinka aski shida tana iya gaza a na uku a wurinka, don gashin ba ɗaya ba ne. Lissafin mai sauƙi ne: a ce wata naira 50 ce tana aski biyu, wata kuma naira 100 tana aski biyar, ta biyun ce mai araha. Wajen sayen, duba bugun rubutun da yadda aka naɗe takardar, domin jabu ta yi yawa. Ta gaskiya takan zo a naɗe tsaf, bakinta bai taɓa takarda ba.

To me ke kashe reza? Da na ɗauka gogewa take yi a hankali kamar wuƙar kicin. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka sa reza a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa tana yankan gashi, suka ga ashe ɓantarewa bakin yake yi. Gashi ya fi ƙarfen laushi kusan sau 50, amma idan ya lanƙwashe ya haɗu da bakin a karkace, a daidai wurin da ƙarfen ke da rauni, sai ɗan ƙaramin yanki ya ɓalle. Waɗannan giɓoɓin da ido ba ya gani su ne ke sa ka ji reza na fizgar gashi.

Wannan shi ya sa ba na ba kowa shawarar kashe kuɗi kan wasa reza. Na taɓa tambayar wani dattijon wanzami a Tudun Wada, yana zaune a kan tabarma yana goga askarsa a jikin fata, gaba da baya, ko dabarar za ta yi wa reza. Ya karɓa, ya lanƙwasa ta da yatsu biyu, ya miƙo mini. "Yaro, wannan ai takarda ce. Aska tana da nama a jikinta, kullum ka wasa akwai abin ci. Wannan me za ka ci?" Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Kaurin reza bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma santsinta daga shafen bakin yake. Masu goga ta a cikin kofin gilashi ko a jikin wandon jins suna iya ƙara aski ɗaya, amma shafen suke kankarewa, giɓin da ya ɓalle kuma ba ya dawowa. Juya reza sama ta koma ƙasa ma bai ƙara komai. Lambobin 1 zuwa 4 da ke jikin wasu ba tsarin amfani ba ne.

Abin da ke aiki ba ya cin kuɗi sosai. Jiƙa gemu da ruwan ɗumi na minti biyu zuwa uku kafin ka fara, ko ka bari sai ka fito daga wanka. Jiƙaƙƙen gashi yana yankuwa da sauƙi, reza ba ta wahala. A sa kumfa mai kyau, kada a danna, a bi kwanciyar gashi. Mu masu gashi mai murɗewa, bin sa a baibai shi ke jawo ƙurajen wuya. Bayan an gama, a sassauta mariƙin, a ɗauraye, a yarfe ruwan. Kada a share bakin da tawul. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa idan ya bushe a kai yakan bar wani farin tabo, don haka ni nakan tsoma kan gidan rezar cikin sifirit ɗin kemis, ya kore ruwan ya bushe nan take. Ɗigon man jarirai ma yana tsare ta daga lema. Kwalbar sifirit ɗaya takan kai ni watanni. Sannan a fita da ita daga banɗaki, a ajiye a ɗaki inda yara ba za su kai ba. Haka ma kwalin da ba a buɗe ba.

Da wannan, reza mai kyau tana yi mini aski huɗu zuwa biyar na gyaran fuska. Mai gemu wanda kumatunsa da wuyansa kawai yake gyarawa ranar Juma'a, tasa za ta kai wata. Mai askin kai ƙwal kwabo kuwa ya sa a ransa ɗaya ce ko biyu.

Gidan rezar shi ma a duba. Na ƙarfe mai nauyi ya fi na roba, don nauyinsa ke yin aikin ba sai ka danna ba. Kafin ka biya, ɗaura reza a ciki ka duba ta sama: bakin biyu su leƙo daidai wa daida. Idan ɗaya ya fi fitowa, ajiye shi.

Wuri ɗaya ne tattali ba shi da amfani: aron reza. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7 ko fiye, kuma tsoma reza a sifirit ba ya mayar da ita ta kowa da kowa. A wurin mai aski, a ɓare sabuwa a gabanka. A gida kuma, da zarar ka ji ta fara ja, kwananta ya ƙare. Ni gwangwanin madara na huda wa tsaga a sama, nan nake jefa tsofaffin. In ya cika sai in buge bakin da guduma kafin ya tafi bola, saboda yaran da ke tsince-tsince a can da hannu suke tonawa.