Farin Gam na Kafintoci a Gyaran Katakon Ƙwallon Tebur

Bayan da katakon da nake buga ƙwallon tebur da shi ya daki kusurwar tebur ya tsage, na sayi farin gam na kafintoci a Kasuwar Sabon Gari da ke Zariya domin in gyara shi a gida. Na ɓare robar, na tura gam cikin tsagar da tsinke, na matse na kwana ɗaya, sannan na goge da lallausar samfefa. Gyaran ya kama sosai, kuma hannuna bai ji ƙarin nauyi ba. Aibin gam ɗin kawai jinkirin bushewa, musamman da damina. Inda katakon ya ɓalle kuwa, da ɓarin itace na cike, domin dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, wato ITTF, ta tanadi aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurin katakon ya kasance itace.