Yoyon baƙin mai a tsohuwar motar golf: maganin gwangwani ko canza roba?

Alhaji, na ga tambayarka a zaure jiya da dare. Ka ce 'yar motar golf ɗin da kuke zagaya garka da ita a bakin kogi, ƙirar kamfanin Club Car mai shan fetur, duk inda ta kwana sai an tarar da ɗigon baƙin mai a ƙasa. Wani makanike ya ce a zuba maganin toshe yoyo na gwangwani, wani kuma ya ce a kwance a canza robar da ke tare mai a cikin injin. Ka ce wanne za ka bi.

Kafin ka bi ko ɗaya, a san inda man yake fitowa. Idan taka samfurin DS ce ta 1992 zuwa sama, galibi injin Kawasaki ne mai silinda ɗaya a ƙarƙashin kujera, kuma man da yake ɗauka lita ɗaya ce da 'yan kai. Abin da ke damuna ke nan: ɗigon da babbar mota za ta jure wata guda, wannan cikin 'yan kwanaki zai bar ta a bushe, ga zafin Yamai na watan Afrilu da ke wuce digiri 40. A ɗaga kujera, a wanke injin tas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa hoda, a shimfiɗa kwali a ƙasa, sannan a yi zagaye kaɗan da ita. Za ka ga baƙin layi ya ratsa farar hodar. Bi shi zuwa sama, inda ya faro nan ne ciwon yake.

Maganin gwangwani aikinsa ɗaya ne: yana tausasa robar da ta bushe, ta ɗan kumbura ta sake kama ƙarfe. Yana da araha, ba a kwance komai. Idan robar tsufa kawai ta yi, tana tsattsafo kaɗan-kaɗan, zai iya ba ka 'yan watanni. Amma ba ya ɗinke robar da ta yage, ba ya gyara gasket na takarda da ya tsage, ba ya ɗaure noti. Sannan gwangwanin an auna shi ne don motar da ke cin lita 4 ko 5. Wanda ya juye shi duka a wannan ɗan injin ya cika masa ciki fiye da kima.

Canza roba kuwa aiki ne na yini, amma shi ne gyara. Idan daga murfin bawul ne na sama, ko matatar mai, ko notin juye mai, abin ba wuya. Mai wahalar ita ce zoben robar nan da makanikanmu ke kira jwan sipi, wadda ke bayan kuloci a kan karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistan ke juyawa. Alamarta ita ce mai ya fantsama a kewaye, bel ya jiƙe yana santsi, motar na kuka amma ba ta ja a hawa. Sai an cire bel, an zare kulocin da dogon notinsa na musamman. Don Allah kada ka yarda a sa masa guduma, na ga kulocin da aka fasa haka, kuma samun wani a garin nan ba wasa ba ne. Ita robar ba sai an yi odarta daga Amurka ba: yawanci a jikinta akwai lamba uku, faɗin ciki, faɗin waje da kauri, a milimita. A ɗauki tsohuwar a kai wa masu sayar da kayan injin a gwada. Kafin a sa sabuwa, makanike ya bi ƙarfen da farce. In farcen ya maƙale a wani zurfi, ko karanshaf yana girgiza a hannu, sabuwar ma za ta yi yoyo.

Akwai inda duka biyun ba za su yi maka komai ba, kuma a nan ƙurarmu ta hunturu take shigowa. Injin yana da 'yar tiyo da yake numfashi ta ciki. In ta toshe, ko ƙura ta cinye ringin fistan, iska na taruwa a ciki ta tunkuɗo mai ta kowace kafa. Haka ma in fetur na zurara cikin man daga kafireto ko famfon fetur da robarsa ta huje. Zaro sandar gwajin mai ka sansana. In ka ji warin fetur, man ya tsinke kamar ruwa kuma ya haura alama, to can za a fara.

Ni dai da motata ce, robar zan canza, in juye tsohon man, in sa sabuwar matatar iska. Gwangwanin sai in aikin garka ya matsa, ana jiran ranar da makanike zai samu hannu, shi ma kashi ɗaya cikin huɗu na gwangwanin za a zuba. Kafin nan, yaron da ke tuƙa ta ya riƙa duba sandar mai kowace safiya kafin ya taka. In ka yi gwajin hodar, turo mana hoton a zaure mu gani.