Sharhi kan kwas ɗin tsara horon ma'aikata da na yi ta intanet

Shekara 6 na yi ina horar da ma'aikata a kamfaninmu kafin in shiga wannan kwas na mako 12. A da, abin da na sani shi ne in tara mutane, in haska musu rubutu a allo, in raba takarda kowa ya faɗi ko ya ji daɗi. Kullum sai yabo. Bayan wata 2 kuma kuskuren da na yi ta jan kunne a kai ya dawo, abin yana ci mini rai.

An gina kwas ɗin kan tsarin ADDIE, wanda Jami'ar Jihar Florida ta fito da shi a 1975 domin sojojin Amurka: a binciki matsala, a tsara darasi, a haɗa kayan koyarwa, a gabatar, a auna. Matakin binciken ne ya fi shiga raina. Malamar ta ce kowa ya je ya tambayi shugaban sashe abin da yake so ma'aikata su riƙa yi wanda ba sa yi yanzu, sannan ya zauna kusa da su ya gani da idonsa. Na yi kwana 3 tare da masu amsa kiran abokan ciniki. Ashe sun san ƙa'idar rubuta ƙorafi sarai, fom ɗin ne ya cika tsawo, ga wani kiran yana jira, sai su tsallake rabi. Da ban zauna ba, da na sake shirya musu horo a banza. Muka rage fom ɗin kawai.

A nan kuma na fahimci matakai 4 na auna horo da Donald Kirkpatrick ya wallafa a 1959: yadda mutane suka ji, abin da suka koya, ko aikinsu ya canza, da abin da kamfani ya samu. Takardar yabon da nake alfahari da ita ba ta wuce matakin farko ba.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne wajen koyar da manhajar haɗa darasi. Bidiyon tsohuwar manhaja suka nuna, maɓallan duk sun sauya wuri. Aikin ƙarshe kuwa, wanda shi ake nuna wa masu ɗaukar aiki, na jira mako 3 kafin a duba shi, gyaran bai wuce layi 2 ba. Wannan ya ɓata mini rai, domin a nan na fi bukatar idon gwani.

Duk da haka, malamin makaranta da ke son komawa horar da ma'aikata, ko wanda ya daɗe yana yi da ka irina, zai amfana. Sai dai ya nemi wani ƙwararre a gefe da zai duba masa aikinsa na ƙarshe kafin ya kai shi neman aiki.